Gwauruwar da muka sallama da "Allah zai tanada"

'Yan'uwa cikin Almasihu, musamman mu na Jos, akwai maganar da ta yi mana sauƙi a baki: "Allah zai tanada, Mama, muna yi miki addu'a." Mukan faɗa wa gwauruwa haka a ƙofar majami'a bayan sujada, mu wuce gida mu ci abincin Lahadi, ita kuma ta taka da ƙafa zuwa Jenta ko Tudun Wada da yara a bayanta, ɗakin ba bargo, ga hunturun Jos. Ku buɗe Yaƙub 2:15-16. Ɗan'uwa ba sutura ba abinci, kai kuma ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka miƙa masa komai ba. Yaƙub ya yi tambaya: ina amfanin wannan?

Na san amsar da ake bayarwa: ai ceto ta wurin alheri ne. Gaskiya ne, kuma babu buhun masarar da zai saya wa mutum sama. Amma me ya sa muka haddace Afisawa 2:8-9 muka tsallake aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka? Bulus da Yaƙub duk Ibrahim suka kafa hujja da shi. Bulus, a Romawa 4, ya tsaya kan Farawa 15:6, inda aka lasafta masa adalci tun kafin kaciya. Yaƙub ya kai mu Farawa 22, shekaru bayan haka, inda bangaskiyar nan ta ɗora Ishaku a kan bagade. Bulus ɗin da muke fakewa da shi kuwa, shi ne ya umarci Korintiyawa su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako domin tsarkakan Urushalima.

Ba rowa ce kaɗai matsalarmu ba, rashin tsari ne ya fi yi mana illa. Makon jana'iza kowa na nan: rumfa, kujeru, anko, shinkafa har ta yi yawa. Bayan sati biyu gida ya yi tsit. Alhali nauyin gaske sai daga baya yake sauka: haya ta ƙare, kuɗin makaranta sau uku a shekara, hawan jini ya tashi ba magani, wani lokaci dangin miji sun kwashe gona. Haka ma 'yan'uwanmu da suka gudo daga Mangu, Bokkos da Barkin Ladi tun 2023, suna raɓe a gidajen dangi. An kai musu kaya sau ɗaya an ɗauki hoto. Wa ya koma?

Ikilisiyar farko ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni 6, da aka riƙa tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Mu ma mu danƙa wa mutane masu suna. A buɗe littafi: sunan gwauruwa, yaranta nawa, ajin kowanne, watan da haya ke ƙarewa, maganin da take sha. Mata biyu daga zumuntar matan ikilisiya su riƙe gida ɗaya, su shiga har madafa kowane wata, domin mai kunya ba za ta ce tukunyarta ta kwana ba wuta ba.

Hatsi kuma a saye shi da kaka, lokacin da masara ke araha, a shanya ta bushe ƙarau, a zuba a buhun da iska ba ta shiga saboda ƙwari, a ajiye sai tsakiyar damina, Yuni zuwa Agusta, sa'ad da mudu ke tsada. Kuɗin makaranta a kai makarantar kai tsaye a karɓi rasit. Kada a ba mace jari ranar da yaranta ke kuka da yunwa, domin cikin tukunya zai ƙare, sannan a ce ba ta iya sana'a ba. A fara da abinci, jari ya biyo baya.

Don Allah a daina tsayar da su gaban jama'a da mudu biyu a hannu ana sa hotonsu a Facebook. Matiyu 6:3 bai canza ba: kada hannun hagunka ya san abin da na damanka ke yi. Kai kuma ɗan'uwa mai albashi da ka bar mahaifiyarka wa ikilisiya, karanta 1 Timoti 5:8 yau da dare.

Baba dattijo, Mama shugabar zumunta, ina roƙonku, kafin Lahadi mai zuwa ku zauna ku rubuta sunayen nan, kowane suna da wanda zai je gidan.