Ɗan haya ba shi ne ya ci kuɗin mai gida ba

Masu gidajen haya da yawa a Maradi ba mazauna ba ne. Wani yana Yamai wurin aiki, wani yana Kano ko Lome wajen saro kaya. Sai su danƙa gidajen a hannun ofishin kula da haya ko dillali, ya karɓi kuɗi duk wata, ya cire ladansa, ya yi gyara, ya aika saura. Idan harkar ofishin ta fara taɓarɓarewa, alamun ba sa ɓuya: kuɗin wannan wata sai tsakiyar wata mai zuwa, rufi yana yoyo tun farkon damina ba a taɓa shi ba, takardun kuɗin wuta na Nigelec sun taru, waya kuma ba a ɗauka.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne inda fushin mai gida yake sauka. Ya dawo ya tarar wata biyar ba a ba shi komai ba, sai ya nufi unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo ya ce wa malamin makaranta ko ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su sake biya ko su kwashe kayansu. Wannan zalunci ne. Wanda ka ba wakilci hannunka ne. Ɗan hayan da ya biya shi ya sauke nauyi, a dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya baki ɗaya. Rigimarka da wakilinka ce.

Kuma mai gida yana da ikon janye wakilci duk ranar da ya ga dama, amma sai ya sanar da 'yan haya, a rubuce, don in ba su sani ba suka ci gaba da biyan tsohon wakili, babu laifi a kansu. Daga nan ya tattara rasit ɗin da ke hannunsu, ya bincika inda kuɗin ajiyar da suka bayar lokacin shiga yake, ya nemi cikakken lissafi. In wakili ya yi ta waskewa, akwai mai unguwa, akwai kotu.

Na san nauyin da ke ciki, don sau da yawa dillalin ɗan abokin uba ne, neman takarda a wurinsa kamar zargi ne. To amma ko a kasuwa, ɗan kasuwar Maradi ba ya ba da buhun gero bashi bai rubuta a littafi ba, balle gidan da ya ci masa miliyoyin sefa.