Dillalan aiki, ku faɗi albashi tun a saƙon farko

Daren jiya bayan isha'i saƙo ya shigo min a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki. Mai saƙon ya ce ya duba shafina, aikina ya burge shi, kuma akwai wata babbar dama da ta dace da ni. Babu sunan kamfani, babu albashi, babu bayanin abin da za a gina. Abu ɗaya da ya ambata shi ne suna neman gwani a Java, wani yaren rubuta manhaja. Ni kuwa shekara bakwai ke nan ina haɗa manhaja da JavaScript, kuma haka yake rubuce ɓaro-ɓaro a saman shafin da ya ce ya duba.

Wanda ba ya cikin harkar zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, shi kuma JavaScript Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a Netscape a wannan shekarar, aka raɗa masa sunan don ya raɓi farin jinin Java. Kamar mai zuwa Dutse ne a cusa shi a motar Dutsin-Ma. Ban ga laifin dillalin aiki don bai iya rubuta manhaja ba, ba sana'arsa ba ce. Amma dillalin shanu a kasuwar Wudil ma sai ya zagaya sa, ya duba haƙori, ya taɓa tozo kafin ya buɗe baki. A 2020 Sebastián Ramírez ya ba da labarin tallar aikin da ke neman wanda ya yi shekara 4 ko fiye yana aiki da FastAPI, wani kayan aikin haɗa manhaja. Shi kansa bai cika sharaɗin ba, domin shekara ɗaya da rabi ke nan da ya ƙirƙiro abin.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne ɓoye albashi.

Ka tambayi nawa za a biya, a ce maka albashin mai tsoka ne, ka bari sai mun yi waya. A wayar kuma tambayar farko ita ce, nawa ake biyanka yanzu? Kowa ya san dalilin tambayar. Idan ka ce dubu ɗari huɗu, sai a ɗora ɗan wani abu a kai a ce an kyauta maka, alhali kuɗin da kamfanin ya ware wa kujerar ya ninka haka. Wanda aka taɓa saye da araha haka zai yi ta yawo da wannan farashin daga aiki zuwa aiki. A ƙasar nan ma maganar ba ta tsaya kan adadi ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Da naira za a biya ko da dala, ta wace hanya kuɗin za su iso, ma'aikaci ne kai ko ɗan kwangila, waɗannan su ne cinikin. Wanda ya ɓoye su cinikin biri a sama yake so mu yi.

Kuma kada a ce haka ake yi ko'ina. A Amurka jihar Colorado ta wajabta rubuta albashi a tallar aiki tun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwambar 2022. Tarayyar Turai ta amince da doka a 2023 da ta ce a sanar da mai neman aiki albashin kafin intabiyu, kuma ta hana tambayarsa abin da yake karɓa a wurin da zai bari. Kamfanin da ke buga adadi idan yana neman ɗan Amurka, me zai hana shi bugawa idan ɗan Kano yake nema?

Bara na amsa wani irin wannan kira. Bayan waya biyu aka turo min aikin gwaji, aka ce na awa uku ne. Ya cinye min Asabar da Lahadi. Babu wuta, na tayar da janareto, na sayi fetur sau biyu, na sa data. Ɗiyata ta zo ƙofar ɗaki da littafinta na makaranta ya fi a ƙirga, ina cewa ta bari sai anjima, har ta yi barci a tabarma. Na tura aikin daren Lahadi. Daga ranar har yau ko "ba mu ɗauke ka ba" ban samu ba. Na aika imel sau biyu, shiru. Ba rashin ɗaukar ne ya dame ni ba, rabo ne bai tsaga ba. Layi biyu na sallama ne aka rasa. Dillalin da ke jiran la'ada idan ciniki ya faɗa, ya kamata ya iya cewa Allah Ya haɗa kowa da rabonsa idan bai faɗa ba.

Akwai kuma abin da nake ganin dillalan kirki ba su lura da shi ba. Saƙo mai zaƙin baki, marar sunan kamfani, mai gaggawar a koma WhatsApp, da shi ɓarayi suke farauta. A Maris 2022 aka sace sama da dala miliyan 600 daga Ronin, hanyar kuɗin wasan Axie Infinity, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan gungun masu kutse na Lazarus na Koriya ta Arewa, kuma rahotanni sun nuna da tayin aikin bogi ga wani injiniya aka fara. Yanzu har a cikin aikin gwaji ake ɓoye muguwar manhaja, kana kunna ta a kwamfutarka ta kwashe kalmomin sirrinka. To idan saƙonka da nasu kamarsu ɗaya, da me zan bambanta ku? Haka mai kirana a waya tsakar rana ya ambaci sunana, in tambaye shi inda ya samu lambata ya kama inda-inda.

Na taɓa samun saƙon da aka rubuta yadda ya kamata. Wata baiwar Allah ce. Layin farko sunan kamfani, na biyu aikin da kayan da suke amfani da su, na uku albashi daga kaza zuwa kaza da dala, sai matakan intabiyu guda uku da tsawon kowanne. Ta ambaci wata manhaja da na ajiye a GitHub, dandalin da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu, ta yi tambaya a kanta da ta nuna ta buɗe ta gani. Ban karɓi aikin ba, domin lokutansu sun yi dare da yawa a wurina, amma na haɗa ta da abokan aikina biyu, ɗayansu yana can har yanzu.

Mutumin daren jiya kuwa na mayar masa da amsa cikin mutunci. Na ce ba Java nake yi ba, amma na san masu yi. Na nemi ya faɗa min sunan kamfanin, da albashin, da kuɗin da za a biya da su, in tura masa su. Alama ta nuna ya karanta tun ƙarfe tara da rabi, kuma har na gama wannan rubutu bai amsa ba.