Ba wutar lantarki ce ta cinye aikin nan ba, rashin git ne

To, kowa ya gama jajensa? Tun jiya zaurenmu na WhatsApp ya cika da "Allah Ya mayar da alheri" a kan manhajar kantin maganin nan ta Marwa. Amin. Amma ku daina cewa wuta ce. Wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙona kwamfuta, wannan gaskiya ne. Abin da ya rage na aikin gaba ɗaya kuma fayil guda ne a wayar abokin yaron da ya rubuta manhajar, mai suna projet_final_vrai2.zip, wanda aka tura tun kafin a rubuta ɓangaren lissafin kaya. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, sakaci ne.

Wai mutum yana kiran kansa mai rubuta manhaja, yana karɓar kuɗin kafin alƙalami a hannun Alhaji mai kantin, amma tsarin ajiyarsa shi ne kwafa babban fayil daga htdocs, inda aikin yake zaune a kwamfuta, yana ƙara masa "nouveau" a ƙarshen suna. Sannu da ƙoƙari, injiniya! Tun 2005 Linus Torvalds ya rubuta git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi wa aikinka. Kyauta ne. Ya girmi wasu daga cikin masu gardama da ni a nan.

Na san me za ku ce: data tsada, intanet yana yankewa. Git ba ya neman intanet don ya ajiye aikinka. Ka shiga inda aikin yake, ka buga git init sau ɗaya. Duk lokacin da wani abu ya yi aiki, git add . sannan git commit -m da ɗan bayanin abin da ka canza; wannan ajiyar ake kira commit. Shi kenan. Ko a ƙauyen da ba a ganin sanda ɗaya a waya, wannan zai yi. Gobe in ka ɓata shafin shiga, git diff zai nuna maka layin da ka taɓa, git log ya jero maka tarihi, git revert ya warware commit ɗin da ya jawo matsala ba tare da ya goge sauran ba.

Sai dai commit a kwamfutarka kawai yake zaune. In faifan ya ƙone, da shi za su tafi. Dole a fitar da shi waje. GitHub, shafin ajiye ayyukan git a intanet, ya ba kowa ma'ajiya ta sirri kyauta tun 2019, babu mai ganin lambobin manhajarka. Kuma git push, umarnin da ke tura aikin can, bambancin da ka yi kawai yake turawa, a matse. Aikin yini guda sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya daga cikin waɗanda kuke sawa a status ba. Wanda ya ce push ya cinye masa data, ku duba, za ku tarar ya tura node_modules ne, ɗaruruwan megabait na abin da npm install zai sake sauko masa da shi. Ka buɗe fayil mai suna .gitignore, wato jerin abin da git zai ƙyale, KAFIN commit na farko, ka rubuta node_modules, vendor da .env, kowanne a layinsa. In ka riga ka yi commit ɗinsu, .gitignore ba zai cire su ba, sai ka yi git rm -r --cached node_modules.

Ba ka da data ko kaɗan? Na ji. Kle USB fa? git bundle create aiki.bundle --all zai dunƙule maka dukan tarihin a fayil ɗaya. Ka kwafa a kle, ka ajiye shi a gida, ba a cikin jakar da kwamfutar take ba, don ɓarawo ba ya raba su. Ranar da ta ɓaci, git clone aiki.bundle, aikinka ya dawo. Wace hujja ta rage?

Maganar .env kuwa, fayil ɗin da ake ajiye sirrin aiki a ciki, da gaske nake, ƙannena. Mabuɗin biyan kuɗi ta waya da kalmar sirrin rumbun bayanai ba sa shiga git. In sun shiga sau ɗaya, gogewa a commit na gaba ba ta amfana komai, suna nan a tarihi. Mafita ɗaya ce: a soke mabuɗin, a karɓi sabo. Haka kuma git ba ya ajiye abin da ke cikin MySQL, wato rumbun bayanan. Sunayen magunguna da bashin abokan ciniki na mai kantin nan suna rumbun ne, ba a cikin lambobin PHP ba. Wannan aikin mysqldump ne: mysqldump -u root -p kanti > kanti.sql, kowace yamma, a kai shi wani wuri daban. Kuma a gwada mayar da shi ko sau ɗaya, don mutane da yawa sai ranar kuka suke gano fayil ɗin fanko ne.

Masu cewa "ni kaɗai nake aiki, me zan yi da git", kai kaɗai ɗin ne ka fi buƙatarsa, don babu wanda yake riƙe da kwafinka. Masu cewa yana da wuya, umarni biyar ne za su kai ku shekara. Kun iya Laravel amma commit ya gagare ku? Wallahi tausayin yaron nake ji, don yana da hannu, kuma yanzu shi zai tsaya gaban mai kanti ya yi bayani. Gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa yau, ba bayan salla ba.

Af, tun da ana maganar kwamfuta: don Allah ku daina ɗora ta a kan katifa. A watan Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ga Android Studio a buɗe da Chrome mai shafi talatin, sannan ka toshe mata hanyar iska da bargo. Ka sa mata ko da faifan katako a ƙasa, ka kai ta a hure mata ƙura. Masu sayar da caja ta jabu a kasuwa kuma, naku rubutun daban ne.