Masu ciwon siga ba su gama da korona ba

Na san da yawanmu a Kaduna ba ma son ko jin sunan korona. Muna tuna kullen 2020, aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka hana shiga da fita, har gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya fito a ƙarshen watan Maris ya ce ya kamu. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta sauka daga matakin gaggawa, kowa ya kama gabansa. Amma akwai waɗanda muka bari a baya, kuma abin yana damuna: iyayenmu da 'yan uwanmu masu ciwon siga.

Mu mun ɗauki korona a matsayin mura mai tsanani, ta zo ta wuce. A jikin mai siga ba haka take ba. Duk zazzaɓi mai ƙarfi yana sa jiki ya ƙi sauraron insulin, wato sinadarin da ke sauke siga a jini, sai siga ta hau. Korona ta fi haka, domin kumburin da take haddasawa yana taɓa jijiyoyin jini, kuma jijiyoyin nan su ne siga ta daɗe tana ci a ƙoda da ido da zuciya da ƙafa. Wanda ya tashi daga jinyar yana iya jin sauƙi a ƙirji, alhali ƙodarsa ta ƙara rauni bai sani ba, tunda ƙoda ba ta ciwo sai ta yi nisa.

Sannan ga maganin koronar kansa. Dexamethasone ya ceci rayukan masu fama da numfashi, bincike a Ingila ya tabbatar da haka a watan Yuni na 2020. Amma yana ɗaga siga sosai. A Indiya, a 2021, dubban mutane sun kamu da wata cutar fumfuna mai cin hanci da ido bayan korona, kuma galibinsu masu siga ne da aka ba irin wannan magani. Mu kuwa a nan, "dexa" a kemis ake saye ba takardar likita, wani don ciwon jiki, wata don ta yi ƙiba. Wallahi duk lokacin da na ji mai siga yana sha, sai gabana ya faɗi.

Wani bincike da aka fitar a 2022 kan tsofaffin sojojin Amurka sama da 180,000 ya nuna waɗanda suka yi korona sun fi sauran yiwuwar kamuwa da sabon ciwon siga da kusan kashi 40 cikin ɗari a cikin shekara guda. Ku tuna mutum nawa ne a Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka kwanta zazzaɓi a lokacin, hancinsu ya daina jin wari, suka sha maganin maleriya suka miƙe, ba gwaji ba komai. Cikinsu akwai wanda yau yake yawan fitsarin dare, ƙishi ba ya barinsa, yana ramewa, ana ce masa taifot ne ko tunani.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda muke yi wa masu gajiyar da korona ta bari a jikinsu. Baba ya ce tun waccan jinya ba ya iya takawa zuwa masallaci sai ya huta, zuciyarsa na bugawa, yana mantuwa, sai a ce ai tsufa ne. Likitoci sun san wannan hali, alamomin da ke ci gaba wata uku bayan kamuwa. Ga mai siga illar ninki ce: gajiya ta hana shi tafiyar da take sauke masa siga, sigar ta hau ta ƙara masa gajiya. Ƙwayar metformin ɗin da take riƙe shi a da, yanzu ba lallai ta isa ba, shi kuma yana nan yana shan adadin da aka rubuta masa tun kafin annoba.

Na san kuɗi ne matsalar. Tun da naira ta faɗi a 2023, insulin da tsinken gwaji suka yi tsada, har wasu na rage allura don ta kai ƙarshen wata, wasu sun koma jiƙe-jiƙe. Wannan nauyi ne a wuyan gwamnatin jiha da hukumar inshorarta ta KADCHMA, a sa maganin siga da gwajinta inda talaka zai kai.

Kafin nan, ɗan uwa, idan kana da mai siga a gida, ka kai shi asibiti, ko Barau Dikko ko wanda ya fi kusa, ka faɗa wa likita ya yi jinya mai tsanani lokacin korona. A yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda siga ta zauna wata biyu zuwa uku, a duba ƙoda da hawan jini, a cire masa takalmi a duba tafin ƙafa. Ido kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan cikin garinmu, mutane daga jihohi masu nisa suke zuwa. Kai ma da ba a taɓa ce maka kana da siga ba, ka je da safe kafin ka karya a ɗiga jininka. Idan awon sigar ya kai 126 mg/dL ko ya wuce, ka koma a sake gwadawa, ka ga likita.