A Sauke Waya Daga Fuskar Amarya

Wadda ta ɗauki hoton amaryar nan ta Gusau da ake ta yawo da shi tun shekaranjiya ta ci amanar gidan da ya karɓe ta, kuma duk wanda ya tura shi gaba ya taya ta. Yarinya tana ɗakin mahaifiyarta ana yi mata nasiha kafin a kai ta, mayafinta ya zame, hawaye ya ɓata mata kwalliya, sai wata cikin ƙawaye ta ɗaga waya, kafin motocin kai amarya su isa gidan ango hoton ya cika WhatsApp da Facebook. Ba a tambayi amarya ba, ba a tambayi uwarta ba, balle mijin da aka ɗaura musu aure da safiyar ranar.

Na ga masu cewa ai hoton bazata ya fi na tsayuwa kyau, domin shi ne ke nuna biki yadda yake. Wannan magana ba ta wanke kowa ba. Mai hoton da ya san aikinsa shi ma yana ɗaukar mutane ba su shirya ba, amma daga nesa yake tsayawa, yana lura da inda haske ke shigowa, ya ɗauki ɗaruruwa, ya zauna ya zubar da wanda aka kama mutum da loma a baki ko ido a rufe, sannan ya miƙa sauran ga masu biki su zaɓa. Mai waya kuwa sai ya kusanto da ita dab da fuska, alhali kyamarar waya an yi ta ne don ta kwaso wuri mai faɗi, shi ya sa take kumbura hanci da goshi idan an matso. Ɗakunanmu ba su da wadataccen haske, hoton ya fito dishi-dishi, idan kuma ya kunna filashi hodar da aka biya mai kwalliya kuɗi ta shafa ta koma fari fat. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, gumi ya riga ya gama da kwalliyar tun kafin la'asar, kuma a wannan hali ake ɗaukar 'yar mutane a watsa.

Haka masu waya suke yi wa mai hoton da aka ɗauko da kuɗi. Ɗaurin aure 'yan mintoci ne, wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa Fatiha, kuma ba a maimaita shi don wani ya tare gaba. Sai mutum ya karɓi aikinsa ya tarar da ƙeyar jama'a da wayoyinsu a inda ya kamata fuskar iyaye ta fito, a ƙarshe a ce mai hoto bai iya aiki ba.

Masu cewa ba da mugun nufi aka yi ba su ajiye wannan uzuri, domin kyakkyawar niyya ba ta janye hoton da ya riga ya shiga wayoyin jama'a. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrin gidansa, kuma Zamfara ce jihar da ta fara shelar dawo da Shari'a a 1999. Abin kunya ne a ce a nan ne ake fitar da matan aure daga uwar ɗaki zuwa idon duniya ba lulluɓi. Ga kuma halin tsaron da muke ciki, amma a ɗora akwatunan lefe da gwal da ƙofar gida da lambar mota kowa ya gani, biki bai ma watse ba.

Ku ma masu sana'ar hoto ina da magana da ku. Wasunku suna ɗora hotunan amare a shafukansu, har da allon bakin shago, don tallar aiki, ba tare da sanin ango ko iyaye ba. An biya ku ne ku ɗauka ku miƙa. Duk mai shirin aurar da 'ya ya yanke wannan sharaɗi da mai hoto a gaban shaidu tun kafin ya ba shi kafin alƙalami.