Yaba Kyauta Tukuici: Magana Ga Matasan Ikilisiya Kan Iyayenmu Mata

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Ranar da ikilisiya ta keɓe domin iyaye mata, kowa ya san yadda majami'a ke kasancewa. Zumuntar mata sun sha anko, ana buga tulu da kacau-kacau, mu kuma muna ɗaukar hoto muna sawa a Facebook, a ƙasa mu rubuta "Mama, babu kamarki." Ban ce wannan laifi ne ba. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin iyayen nan ba su da babbar waya, ba za su taɓa ganin rubutun ba. Duniya ce ta karanta godiyarmu, mai ita kuwa tana ƙauye tana jiran kira.

Ni kaina na yi wannan laifin, shi ya sa nake da bakin magana.

Mahaifiyata manomiyar citta ce a kudancin Kaduna. Wanda ya san aikin citta ya san ba tonon ne kaɗai wahalar ba. Sai an zauna an tsaga ta ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, a shanya a kan dutse, ga sanyin hunturu, hannu duk ya faffashe, yajin ya shiga kaushin yana zafi. Da buhun cittar da ta ɓoye domin ranar ɓacin rana ta biya mini kuɗin jarrabawar WAEC. Ba ta faɗa mini ba, daga bakin ƙanwarta na ji bayan shekaru.

Da na samu aiki a birni, sai na zama na gaba-gaba a zumuntar matasa. A wata sujadar godiya ta ƙarshen shekara na miƙe a gaban jama'a na yi alkawarin kuɗi mai kauri domin sayen kayan kiɗa, aka yi mini tafi. A makon nan ɗin Mama ta kira ni sau uku, na ga kiran na ce sai na huce gajiya. Da na je gida Kirsimeti, na tarar da kwalin maganinta na hawan jini a kan taga, wayam. Ƙanwata ta ce ya fi mako biyu da ƙarewa. Na tambayi Mama dalilin da ya sa ba ta aiko mini saƙo ba, sai ta ce, "Na ji an ce kana aikin Ubangiji, ban so in ɗora maka nauyi ba."

Wannan maganar ta hana ni barci. Kuma da na buɗe Markus sura 7, sai na ga Yesu ya riga ya kira abin da sunansa. Farisiyawa sun koyar cewa mutum zai iya ce wa iyayensa, abin da za ku samu daga gare ni ya zama Korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga taimakonsu. Yesu bai yaba wa wannan ibada ba. Cewa ya yi sun soke maganar Allah da al'adarsu. Ku lura, ba mashaya ko 'yan caca yake tsawata wa ba, masu addini ne, masu ba da baiko. Ba ina hana kowa zaka ko baiko ba ne, Allah ya kiyaye. Amma ba za ka ɗauki kuɗin maganin uwarka ka kai gaban bagade domin a tafa maka, ka ce Allah ya karɓa ba. Bulus ma ya faɗa wa Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura 5, cewa 'ya'ya da jikokin gwauruwa su fara koyon ibada a gida, su sāka wa iyayensu, kuma wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya.

Mun haddace Fitowa 20:12 tun muna makarantar Lahadi: ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka. Mun kuma san Afisawa 6 ta ce ita ce doka ta fari mai alkawari. Sai dai mun ɗauka ta yara ce, ta wanke-wanke da zuwa aike. Karin Magana 23:22 kuwa da babba take magana, domin cewa ta yi kada ka raina mahaifiyarka idan ta tsufa. Raini ba sai da zagi ba. Katse ta tana magana domin ta maimaita labarin da ka ji sau goma, raini ne. Jin kunyarta a gaban abokanka saboda ba ta jin Turanci, raini ne.

Me ake nufi da zama uwa a bangaskiyarmu? Ni dai abin da na gani a Littafi Mai Tsarki shi ne, uwa ita ce mai riƙon abin da ta san ba nata ba ne, ta riƙe shi da dukan ranta, sannan ta sake shi ga Mai shi. Hannatu ta yi kuka a Shilo har Eli ya zaci ta bugu. Da Allah ya ba ta Sama'ila, tana yaye shi ta mayar da shi gidan Ubangiji. Abin da ya fi taɓa ni ɗan ƙaramin bayani ne a 1 Sama'ila 2:19: kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ku yi tunanin mace tana ɗinki tana kintatar tsawon yaron da ba ta gani ba tun bara. Haka Maryamu, mahaifiyar Yesu, da ta ce wa mala'ika ita baiwar Ubangiji ce. Jaririn yana da kwana 40 aka faɗa mata a Haikali cewa takobi zai soki zuciyarta, kuma ba ta gudu ba, har gindin gicciye tana tsaye.

Na san a cikinmu akwai waɗanda uwa ta rasu suna ƙanana, akwai kuma waɗanda abin da ke tsakaninsu da uwa ciwo ne. Ba na raina wannan. Amma kusan kowa akwai macen da ta goya shi ko ta ɗebo masa tuwo: inna, goggo, kaka, matar fasto, malamar makarantar Lahadi wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Bulus da kansa, a Romawa 16:13, ya gai da mahaifiyar Rufus, ya ce uwa ce a gare shi shi ma. Ko sunanta ba a rubuta ba, amma manzon bai manta da ita ba.

Ubangijinmu yana kan gicciye, ƙusoshi a hannuwansa, numfashi da ƙyar, yana ɗauke da zunubin duniya, duk da haka ya duba ya ga mahaifiyarsa, ya shirya mata wurin zama. Ya ce wa Yohanna, "Ga uwarka." Daga wannan sa'a almajirin ya kai ta gidansa. Wane aikin Allah ne a hannunka da ya fi wannan girma, har ka rasa minti biyar na ɗaga waya?

Yanzu duk ƙarshen wata, kafin in sayi data, kafin komai, sai na tura kuɗin maganin Mama, ƙanwata ta karanta mini sunan da ke jikin kwalin a waya in tabbatar shi ne. Ranar Lahadi da yamma nakan kira ta. Labarin akuyarta da na farashin citta a kasuwa take ba ni, wani lokaci wanda ta ba ni makon jiya, ina saurara har sai ita ta ce a yi addu'a.