Rijiyar teku ba a gama lissafinta ranar haƙa

Malam mai rahoto, ka yi ta murnar sababbin rijiyoyin Jubilee, filin man da ke tekun Ghana, kamar kuɗin ya riga ya iso unguwar Nima a Accra. A 2007 aka gano man, aka fara hakowa a 2010, sai a 2016 abin da jirgin Kwame Nkrumah mai tara man yake juyawa a kansa ya lalace, aiki ya yi ta tsayawa. Wa ya hango wannan? A TEN kuma, wani filin man na Ghana, shari'ar iyaka da Kwaddibuwa ta hana haƙa sababbin rijiyoyi daga 2015 har 2017.

Abin da ya fi damuna tsufan rijiya ne. Saltpond, tsohuwar mahaƙar mai ta tekun Ghana, ta ƙare, kwance ƙarfenta ya faɗo kan GNPC, kamfanin mai na ƙasa. Ku tambayo mana nawa aka tara don rufe Jubilee.